Firjin Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Dogo da baƙon da ke tafe. Yaya nauyin jiki? Da mijin naki ya zo ya ce ƙafafunki sun kumbura har takalman aiki sun ƙi ki. Allah ya sauke ki lafiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai dai mai shagonmu ta kwaso ɗinkin kayan 'yan makaranta kamar mu kaɗai ne teloli a duniya.

Akwatin da kika ba Dogo ya kawo ya iso lafiya, kwalaben allurar Baba ko ɗaya ba ta fashe ba. Likita ya duba ya ce shi ne insulin ɗin da ya rubuta masa na ciwon sukari, ya koya mini yadda ake ja a sirinji, ya nuna mini layin da zan tsaya. Ranar farko na daɗe riƙe da allurar na kasa sokawa. Baba ya dube ni ya ce, “Ke da kike wuni kina soka allura a yadi, fatar tsoho ce za ta gagare ki?” Yanzu kam na goge. Da safe nake biyawa in yi masa kafin in wuce shago, da yamma kuma in sake dawowa kafin in tafi gidana.

Sai labarin babbar yayarmu, Giwa. Ai kin san ba ke ce 'yar fari a gidan nan ba, firjin nan ne. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane firji, yanzu da ya bar aiki bai da abin lallashi sai nasa. Tun da kwalaben nan suka zo ya sa wa Giwa kwaɗo, makullin yana aljihunsa ko barci zai yi. Wai kowace buɗewa asarar sanyi ce, mu kuma yaran yanzu buɗe firji muke yi mu tsaya muna tunanin abin da ya kawo mu. Ko ruwan sha ya hana a sa a ciki. Ni dai ban sake ganin cikin Giwa ba. Kullum na zo sai in tarar ya riga ya fito da kwalbar yana murza ta a tafin hannu, wai don kada sanyin ya yi masa zafi a jiki.

Ban ga laifinsa sosai ba, don wutar lantarkinmu sai abin da ya yi gaba. Ta zo, kafin shayi ya huce ta tafi.

Abin da ke damuna shi ne jikin nasa. Har yanzu ƙishirwar tana nan, buta ba ta rabuwa da hannunsa, barci kuwa ba ya samu saboda zaryar banɗaki. Na rage masa ƙugun wando, na sake ragewa. Ke da kika san waɗannan abubuwa, sai yaushe maganin zai fara kama shi?

Ki gaishe da Dogo. Ki huta lafiya.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na samu wasiƙarki, na kuma gode da ɗawainiyar da kike yi da Baba ke kaɗai. Da likitata ba ta hana ni doguwar tafiya ba, da tare muke yi. Allah ya saka miki da alheri.

Ki natsu ki karanta abin da zan gaya miki, kada ki yi masa karatun gudu irin naki. Abin da ke cikin kwalaben nan furotin ne, dangin abin da nake wuni da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ki ɗauke shi kamar dogon zare da aka naɗe wani irin naɗi na musamman, zaren da ido ba ya gani. Naɗin nan shi ne aikinsa. Da zarar ya warware, maganin ya mutu, kuma ba ya komawa, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya sake zama ɗanye. Abin tsoron shi ne ƙwai yana nunawa, wannan kuwa sau da yawa ba ya nunawa. Kwalba mai rai da matacciya, ki jera su a gabanki ba za ki bambance ba.

Zafi yana warware shi. Girgiza ma haka, don haka kada ki kaɗa kwalbar kamar maganin tari. A nan wurinmu, shugabanmu Farfesa in ya ga kumfa a saman ruwan wani, ba ya faɗa, fita kawai yake yi daga ɗakin, mu kuma mun san aikin wata ya tafi. Kowa da bokitin ƙanƙara a kan teburinsa, a ciki muke kafa 'yan kwalabenmu ko da juyawa za mu yi mu ɗauko abu. Rabin aikin kuma a ɗakin sanyi ake yi, inda rigunan sanyi ke rataye a bakin ƙofa suna warin kowa da kowa. Mutane suna zaton kimiyya wani babban abu ne, alhali yawancinta reno ne.

Amma sanyi ma yana da iyaka. Ana son maganin Baba ya yi sanyi, ba a son ya daskare. Ƙanƙara in ta kama ruwan, tana matse zaren ta yayyaga naɗin, kowace daskarewa da narkewa tana kashe wani kaso. Don haka ki tambayi Baba a wane hawa yake ajiye su. A tsakiyar firji ake so, ba a jikin ƙarfen baya ba, ba kuma a saman da ake yin ƙanƙara ba. Na san shi, zai ce raini ne. Ki lallaɓa ki faɗa masa.

Game da jikinsa, a farko likita yakan lalubi adadin da ya dace a hankali. Ki mayar da shi asibiti, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Ni dai an raba ni da ɗakin sanyi saboda cikin nan. An kwashe mini kwalabena zuwa wata sabuwar firiza da ke baranda, irin wadda ba ta tara ƙanƙara a jiki. Na huta da kankare ƙanƙara da cokali, kuma ba sai na sunkuya ba.

Ki gaishe mini da Baba da kyau, ki ce ina neman albarka. Wassalam.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata ke da Dogo kuna lafiya. Yau ba ni da wasa da yawa, ki yi haƙuri.

Na karanta wa Baba wurin da kika yi maganar hawan firji, har da lanƙwasa murya don kada ya ji zafi. Dariya ya yi, ya ce in gaya miki tun ba a haife ki ba yake sarrafa sanyi, kuma kwalabenki suna wurin da ya fi ko'ina kyau a cikin Giwa. Na ce ya buɗe in gani, ya sha mur. Na ga zancen zai zama rigima, na bar shi.

Mun koma asibiti. Likita ya auna jininsa, ya girgiza kai, ya ƙara mini layi a sirinji. Muka yi ta yi, babu canji. Muka koma ya sake ƙarawa. Yanzu abin da nake ja ya kusa ninka na farko, Yaya, kuma kamar ruwan famfo nake zuba masa. A zuwanmu na ƙarshe likita ya ja ni gefe ya ce shi bai taɓa ganin jiki mai taurin kai irin wannan ba, sai dai in tsohon yana shan zaƙi a ɓoye. Ya ce tsofaffi da yawa suna yi, in sa ido.

Na sa ido kuwa, kuma na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Da ya shiga wanka na hau binciken ɗakinsa. Na duba aljihun teburi, na duba akwatin kayan aikinsa, har gwangwanin kusoshi na zazzage. Ya fito ya same ni hannuna a ƙarƙashin matashinsa. Ya matso ya juye aljihunsa a kan gado, makullin Giwa ne da ƙaramin sukudireba da hankici. Sannan ya ce, “Saura bakina, ki zo ki duba.”

Tun ranar bai sake tsokanata ba. In na zo ya miƙo hannu, in yi masa, ya ce an gode, kamar wata ma'aikaciyar asibiti. Wannan “an gode” ɗin ya fi zagi ciwo.

Jikin kuwa kullum ƙara zubewa yake. Idonsa ya fara hazo, jiya ya kasa zura waya a wata tsohuwar fanka da yake wasa da ita, ya ajiye ya zauna yana kallon bango. Abinci sai na yi da gaske yake cin loma kaɗan. Wani lokaci in na fito daga gidan sai in tsaya a bakin titi in rasa inda za ni. Tsoro nake ji, Yaya. Na ga yadda Mama ta fara, ba na son in sake gani.

Saboda ƙarin da aka yi, kwalaben suna ƙarewa da wuri. Baba ya ce saura kaɗan. A kantin maganin layinmu babu irinsa, mai kantin ya ce an daɗe ba a kawo musu ba. Don Allah ki taimaka ki aiko da wasu ta hannun direban nan da ke kai mana wasiƙu.

Na gama wa baƙonmu 'yan riguna, ban san ko mace ko namiji ba, don haka na yi su farare. Ki huta lafiya.

Auta

*

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Baba kuma da sauƙi. Wasiƙarki ta sa ni kuka, Dogo har ya tsorata ya ɗauka naƙuda ce.

Kada ki ci kanki a kan binciken da kika yi. Likita ne ya sa ki, kuma da ni ce a wurin da na fi ki yi, don ni har cikin takalmansa zan duba. Baba ba ya riƙo. Ki ba shi lokaci.

Ga akwati nan na ba direba. Sababbi ne fil, daga firjin asibitinmu suka fito, ni da kaina na shirya su. Na naɗe kowace kwalba da auduga, na sa kwali tsakaninsu da jakunkunan ƙanƙara don kada su taɓa juna, na kuma roƙi direban ya ajiye akwatin a gaba kusa da ƙafarsa, ba a saman mota cikin rana ba. In ya iso ki taɓa ki ji, in da sauran sanyi to lafiya lau. Ku ƙarasa tsofaffin tukuna sannan ku buɗe waɗannan.

Na kai maganar Baba wurin wata likita a nan. Ta ce akwai jikin da ke ƙin maganin, sai an ba shi da yawa kafin ya ji, musamman in akwai wani ciwo a ɓoye. Don haka ki bi layin da likitanku ya nuna miki daidai. Kada ki rage ko ɗigo, ko Baba ya yi gardama, ko ke kin ga kamar ya yi yawa. Tausayi ba ya cikin wannan aiki.

Ni ma nan abin ya ƙi mini. Akwai wani furotin da na daɗe ina reno, aikinsa yanka wani furotin ne gunduwa-gunduwa, da shi nake duk gwajina. Da ɗigo kaɗan yake gama aiki. Kwanan nan sai ya fara lalaci. Na ƙara masa yawa, ya ɗan motsa, mako na zagayowa sai na sake ƙarawa. Na zargi ruwan da nake haɗawa, na zargi ma'aunina, har hannuna na zarga, na ce ko cikin nan ya taɓa mini lissafi. Farfesa ya ɗaga kwalbar a haske, garau take, ya mayar mini. Yanzu dai na haƙura na sa an tace mini sabo, in ya kammala zan gwada. Ban san me ya sa ba, duk lokacin da na buɗe firizar nan ta baranda sai in tsaya ina ta duba kwalaben, alhali komai yana inda na bar shi.

Ki ci abinci, ki yi barci, don in kin faɗi babu mai riƙe Baba. Na gode da riguna. Wassalam.

Yayarki

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, ina yi miki addu'a ke da maigidanki, Allah ya yi muku albarka, ya raba ki da abin da kike ɗauke da shi lafiya. Ki yi haƙuri da girman rubutun, idon ne ya ja baya. Ban so in sa ƙanwarki ta rubuta mini ba, don akwai maganar da ta shafe ta.

Ki gaya mata ban riƙe ta ba. Yarinya ce mai ƙoƙari. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a ce ni nake cutar kaina, alhali tun da likita ya hana ni sukari ko ƙwaya ban ɗanɗana ba. Ina son in ga jikana, ba zan sayar da wannan da cokalin shayi ba.

Saƙonki ya iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ya iso a mummunan lokaci. An yi iska mai ƙarfi ta kayar da turakun layinmu, na wuta da na waya duka. Da aka dawo da wutar sai ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, ina zaune na ji Giwa ta yi wani gurnani, na ji ƙauri. Kafin in kai ga soket injin ya ƙone. Na kwance shi na duba, ba abin gyara ba ne, sai sabo. In ana samun irinsa a wajenku ki sa maigidanki ya tambaya mini, na rubuta lambarsa a bayan takardar nan.

Don haka dole aka kai sababbin kwalabenki da ragowar tsohuwar firjin mai kantin magani, ƙanwarki ce ke ɗaukowa kullum. Wannan shi ya hana ni sukuni. Firjin mutumin nan ko ruwa ba ya daskararwa. Na yi masa tayin in ƙara masa ƙarfi kyauta, ya ce a bar masa abinsa haka. Tsorona kada wahalarki ta lalace a hannun wanda bai san sanyi ba.

Ni kuwa ki shaida, duk zaman da maganinki ya yi a hannuna bai taɓa jin ɗumi ba. Ƙanwarki ta ce kin ce a ajiye a tsakiya. Na gane nufinki, amma wannan dokar ta garin da wuta ba ta ɗaukewa ce. A nan tsakiyar firji in an wuni babu wuta, ɗaki ne kawai. Abin da na yi, na jera su a sama, a jikin farantin ƙanƙara, na murɗa Giwa har ƙarshe. In wuta ta zo sai su zama dutse. In ta tafi, kafin su narke an daɗe, in ma sun narke, tana dawowa su sake kamawa. Wadda ake amfani da ita kuwa, da asuba nake fito da ita in riƙe a hannu har ta saki, kafin ƙanwarki ta iso, tana tafiya in mayar. Haka na yi wa kowace ɗaya, ban taɓa fashi ba. Haka muke yi wa masu kifi da masu nama, kuma ban taɓa jin wanda kayansa ya ruɓe a hannuna ba.

Likita ya sake ƙara mini a zuwan da muka yi bayan nan. Tsohuwar kwalba ta ƙarshe ta kai gindi, ba za ta wuce 'yan kwanaki ba, daga nan sai mu shiga naki sababbi. Allah ya sa a dace.

Ki riƙa hutawa, ki rage tsayuwa a wurin aiki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Dogo ne zai miƙa miki wannan hannu da hannu, na tashe shi daga wurin aiki ya bi motar farko. Ki karanta a tsaye, kafin ki ba shi ruwa.

Kada ki yi wa Baba allura daga sababbin kwalaben nan a layin da kike ja yanzu. Na rubuta miki cewa kada ki rage ko ɗigo. Ki goge wannan maganar, kuskure ce, kuma tana iya kashe shi.

Baba ya rubuto mini da hannunsa. Tun ranar farko a saman Giwa yake ajiye kwalaben, suna daskarewa suna narkewa, wadda kike amfani da ita kuwa kullum sai ta daskare ta narke. Murzawar da kike ganin yana yi da safe, narkar da ita yake yi. Jikinsa bai ƙi magani ba, bai kuma sha zaƙi ba. Maganin ne ya mutu, ko ya kusa. Likita bai sani ba, ya yi ta ƙara layi yana auna shi da mataccen abu. Sababbin da na aiko kuwa da ransu, kuma suna firjin da ba ya daskarar da su. In kika ja wancan layin daga cikinsu, kin ba shi ninkin abin da jikinsa zai ɗauka, ga shi ba ya cin abinci. Sukarin jininsa zai faɗi ƙasa warwas.

Na ga irin wannan da idona ranar da wasiƙarsa ta zo. An kawo mini sabon furotin ɗina, na zuba yawan da na saba zuba na tsohon. Bai bar komai ba, ya cinye gwajin gaba ɗaya. Ashe firizar baranda da ba ta tara ƙanƙara, ɗumama kanta take yi lokaci-lokaci don ta narkar, ita ta yi ta kashe mini tsohon a hankali. Ina tsaye da wannan a hannu aka miƙo mini takardar Baba. Ina karantawa na gane abin da ya sami maganinsa.

Na yi ta buga wayar mai kantin magani, layin a mace yake. Ba zan daina bugawa ba.

Ki ɗauki Baba da sabuwar kwalba da wannan takarda ku tafi wurin likita, ya sake lissafi daga farko. In kuwa har kin riga kin yi masa, kada ki bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Ki lura da gumi, da rawar hannu, da magana mara kan gado, da barci mai nauyi. Wannan barcin ba hutu ba ne. In yana iya haɗiya, ki dama sukari a ruwa ki ba shi, i, sukari, ki kuma ba shi abinci. In ya ƙi farkawa kada ki ɗura masa komai, ki nemi mota sai asibiti.

Kada ki yi masa faɗa. Don yana son ya rayu ya yi haka. Ni ya kamata in rubuta masa tun farko in gaya masa dalili, ba in aika masa da doka ta bakinki ba.

Allah ya sa Dogo ya riga kwalbar ƙarewa. Ki aiko mini da amsa ta kowace hanya.

Yayarki

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ke da Dogo da baƙonmu. Shiru ban ji daga gare ki ba tun akwati, na san nauyin jiki ne. A gurguje nake rubuta wannan a falon Baba, don in ba direba kafin ya tashi.

Albishirinki. Tsohuwar kwalba ta ƙare jiya, yau da safe na buɗe sabuwa, na ja daidai layin likita kamar yadda kika ce, ban rage ko ɗigo ba. Yaya, wannan kam magani ne. Ba a jima ba gumi ya karyo masa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kamar zazzaɓi in zai saki mutum. Hannunsa har rawa yake yi, ya ce yau ya ji allura ta ratsa shi. Kuma ya tsokane ni, karon farko tun ranar binciken nan. Ya kira ni da sunan Mama, yana ta dariya, wai in kashe Giwa tana yi masa ƙara. Na kawo masa shayi da burodi ya ce sai ya tashi.

Yanzu haka barci yake yi, irin wanda rabonsa da shi tun kafin ciwon nan. Na taɓa shi ko motsi bai yi ba. Na goge masa goshi, na ja labule.

Mai kantin magani ya ce masu gyara suna kan layin waya, wataƙila zuwa yamma ta dawo. In ta dawo zan kira ki daga can in na tashi daga shago.

Na makara, bari in tafi. Zan ja masa ƙofa, na kuma roƙi maƙwabta kada kowa ya tashe shi.

Ki huta lafiya.

Taki,
Auta